College Football 26: wasa ne mai daɗi, amma har yanzu bai ba ƙattin layi haƙƙinsu ba

Jama'a bari in faɗi matsayata tun daga farko saboda wanda bashi da lokacin karanta dogon rubutu: College Football 26, wasan bidiyo na kamfanin EA Sports, ya cancanci kuɗinsa, a dala 69.99 aka fara sayar da na gama-gari, ya fito ranar 10 ga Yulin 2025 a PlayStation 5 da Xbox Series X da S kawai, babu na kwamfuta, kuma in kana son ƙwallon jami'o'in Amurka, wato American football da ake gudu da ƙwallo a hannu, babu wani wasan da zai baka abinda wannan yake bayarwa. Amma akwai abu ɗaya da yake ci min tuwo a ƙwarya tun College Football 25 kuma har yanzu bai gama warkewa ba, shine yadda wasan yake ɗaukar girman jikin 'yan layi, wato ƙattin da suke jeruwa a gaba suna ture juna. A fili na gaske wannan girman shine yake yanke hukuncin wasanni da yawa tun kafin a busa usur, a cikin wasan kuma gudu ne sarki, nauyi yana biye a baya can nesa.

Wanda ya san tarihin abin ya san irin jiran da aka sha. NCAA Football 14 ya fito a 2013 daga nan aka rufe shago, saboda rigimar kotu a kan amfani da kamannin 'yan wasan jami'a ba tare da biyansu ba, wadda shari'ar Ed O'Bannon ta fi shahara a ciki. Sai a Yulin 2024 aka dawo da College Football 25, makarantu 134, kowane ɗan wasan da ya yarda a saka sunansa an bashi dala 600 da kwafin wasan. Na 26 makarantu 136 ne saboda Delaware da Missouri State sun hawo babban rukuni, an saka masu horarwa na gaske irin su Kirby Smart da Ryan Day da Marcus Freeman, a bango kuma Jeremiah Smith na Ohio State ne da Ryan Williams na Alabama. Kaga dukkansu biyun masu cafke ƙwallo ne, na 25 ma Travis Hunter ne da Quinn Ewers da Donovan Edwards, babu ɗan layi ko ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda hankalin kamfanin yake.

Ɓangaren kyau bazan tsaya a kai sosai ba don kowa ya faɗa. Filaye sun fito kamar gaske, ƙarar 'yan kallo tana girgiza allon har layukan da ke nuna hanyar masu cafka su rikice maka in kana wasa a gidan abokin hamayya, badujala da al'adun shigowa fili na kowace makaranta duk suna nan. Masu sharhi Chris Fowler da Kirk Herbstreit suna maimaita magana in ka jima kana bugawa, amma ba abin da zai hana ka barci bane.

Toh mu koma kan layi, inda ni nake zama.

Ga wanda bai saba ba, a kowane buɗin wasa mutum biyar ne a layin hari: santa a tsakiya shi yake miƙa ƙwallo, gad biyu a gefensa, takil biyu a ƙarshe. A manyan makarantu kusan kowannensu ya haura fam 300, wajen kilo 136 kenan, wasu kuma sun wuce haka nesa ba kusa ba. Tsakanin kowane mutum biyu akwai kafa, ta kusa da santa ita ce A, tsakanin gad da takil B, bayan takil kuma C. Duk wani tsarin tsaro da zaka ji ana kira da lambobi, 4-3 ne ko 3-4 ko 4-2-5 ko 3-3-5, amsa ce ga tambaya ɗaya: wa zai toshe wace kafa, kuma mutum nawa zan iya cirewa daga nan in tura baya su tsare jifa ba tare da an tattake ni da gudu ba. Lamba ta farko 'yan layin tsaro ce, ta biyu lainbaka masu tsayuwa a bayansu, in akwai ta uku kuma 'yan baya ne, kona da sefti.

A nan wasan ya burge ni ƙwarai, gaskiya a kan takarda sun yi aiki. Littafin tsaro ba ado bane, in ka ɗauki 4-3 zaka ga mutum huɗu a ƙasa kowa da kafarsa ɗaya yana kutsawa, in ka koma 3-4 sai kaga nos takil ya zauna daidai kan hancin santa kuma aikinsa ba kama mai ƙwallo bane, aikinsa ya cinye mutum biyu don lainbaka su samu sarari su gudu. Akwai ma 3-3-5 Tite, wanda a ciki 'yan layin gefe biyu suke matsowa su tsaya a kafaɗar ciki ta takil, nos yana tsakiya, sai kafofin B su toshe tun kafin a miƙa ƙwallo, dole mai gudu ya karkata waje inda masu sauri suke jiransa. Irin wannan tsayuwar ce Dave Aranda ya yi suna da ita a LSU, Kirby Smart ma yana da irinta a Jojiya, an ƙirƙiro ta ne don maganin makarantun da suke baza masu cafka huɗu a faɗin fili sannan su yi gudu ta tsakiya. Ganin wannan a wasan bidiyo, kuma yana aiki kusan yadda ya kamata, abin farin ciki ne wallahi. A na 26 sun ƙara damar ka umarci 'yan layinka su yi musayar kafa, ɗaya ya kutsa ciki ɗayan ya zagayo ta bayansa, kuma zaka iya canja ɗan wasa a tsakiyar wasa ba sai ka tsaya ka shiga menu ba, waɗannan biyun sun canja min yadda nake tsaro gaba ɗaya.

Lissafin mutane ma yana aiki. In kana da 'yan layi biyar da tayit en ɗaya, wato wanda yake tsayawa gefen takil yana tarewa kuma yana cafka, masu tarewa shida kenan, in abokin hamayya ya bar mutum shida kawai a kusa da layi ya ajiye sefti biyu can baya toh kowa yana da mai tare shi, ka yi gudu kawai. In ya sauko da sefti ɗaya suka zama bakwai sai ka jefa ta bayansa. In kwatabak ɗinka, wato mai karɓar ƙwallo daga santa ya jefa ko ya miƙa, mai gudu ne ka ƙara mutum ɗaya a lissafin saboda wani ɗan tsaro dole ya tsaya yana kallonsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wasan yana saka maka in ka iya ƙirga kawuna kafin ka danna maɓalli. Har faɗin alamomin tsakiyar fili da ake ajiye ƙwallo a kai sun kiyaye, a jami'a ƙafa 40 ne tsakaninsu, a NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, ƙafa 18 da rabi, shi yasa a nan gefe ɗaya yake zama fili fetal ɗayan kuma matsattse, kuma zaka ji bambancin a hannunka in ka saba da Madden, wasan bidiyon NFL na EA. Haka dokar da ta ba 'yan layin jami'a damar shiga gaba har yadi 3 a lokacin jifa, ba yadi 1 irin na NFL ba, ita ce ta sa RPO, wato wasan da kwatabak yake zaɓar miƙawa ko jifa bayan ya karanci lainbaka, yake da dafi sosai a nan.

Amma sarkin yawa yana cin nasara ne in kowane mutum zai iya riƙe wurinsa, kuma nan ne nake da ƙorafi.

Ku tuna wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Janairun 2023, Jojiya da TCU, wata jami'a a Tekzas. TCU tana buga 3-3-5 ƙarƙashin Joe Gillespie, tsari ne mai kyau da aka gina don yaƙar makarantun rukuninta na Big 12 masu yawan jifa, mutum uku a ƙasa, sauran duk masu sauri. Kwana tara kafin nan da wannan tsarin suka ci Mishigan 51 da 45 a Fiesta Bowl, alhali layin harin Mishigan shine ya karɓi kyautar Joe Moore ta layin da ya fi kowane a ƙasar shekara biyu a jere, 2021 da 2022. Sun yi ta kutsowa ta kafofin da ba a zata ba, sun ƙwace jifa biyu sun mayar tocdawun, wato sun kai ƙwallon har layin ci, sau biyu Mishigan tana zuwa bakin layin ci tana komawa hannu rabbana. Kenan dabara tana iya kayar da girma, ban musa ba. Sai suka haɗu da Jojiya wadda ke da girman kuma tana da saurin, ga Brock Bowers ga Darnell Washington tayit en biyu a fili lokaci ɗaya, shi Washington ɗin tsayinsa ƙafa 6 da inci 7, in ya fito tarewa kamar takil na uku ne. Yanzu ɗan bayan TCU da aka saka don ya bi mai cafka shine zai tari wannan ƙaton a kafar C. Kafin hutun rabin lokaci 38 da 7, aka tashi 65 da 7. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Irin wannan wasan ne nake nema a College Football 26 kuma ba kasafai nake samunsa ba. Na ɗauki ƙaramar makaranta mai 'yan layin tsaro marasa nauyi, na shiga 3-3-5, na fuskanci manyan SEC, rukunin makarantun kudu maso gabashin Amurka, a matakin wahala na All-American har da Heisman mafi wahala, kuma abinda nake gani shine in dai lainbaka ɗina yana da gudu kuma ni nake riƙe da shi da hannuna, zan iya toshe gudun tsakiya kusan duk wasan. Nos ɗina da bai kai fam 290 ba yana tsayawa gaban gad da santa su biyu, su tura shi yadi ɗaya sai su sake shi, ɗaya ya tafi neman lainbaka ya rasa shi. A fili na gaske mutum biyu masu fam 320 in suka haɗu a kan mai fam 285 ba sakinsa suke ba, ɗaukarsa suke su kai shi cinyar lainbakan da ke bayansa, su toshe wa shi lainbakan hanya da jikin ɗan uwansa. Wannan turawar ita ce ran gudun tsakiya, kuma a wasan tana faruwa ne jefi-jefi. Abinda nake ji a hannuna shine lambobin ƙarfi da na iya tarewa da na iya kuɓucewa su suke yanke hukunci, nauyin da aka rubuta a katin ɗan wasa tasirinsa kaɗan ne, in mutum biyu lambobinsu ɗaya ne amma ɗaya ya fi ɗaya da fam 40 ba zaka ga bambancin da ya kamata ba.

Wani zai ce ai lambar ƙarfi ita ce take wakiltar girman. Eh zuwa wani mataki. Amma girma ba ƙarfi kaɗai bane, akwai faɗin jiki da tsawon hannu da wurin da mutum yake cikewa ko da bai yi komai ba. Jordan Davis na Jojiya ya auna fam 341 a gwajin NFL na 2022, wajen kilo 155, kuma ya gudu yadi 40 a daƙiƙa 4.78, amma amfaninsa a Jojiya ba a yawan kamun da ya yi yake ba, a'a, kafofin A biyu ne suke ɓacewa in ya tsuguna, shi yasa Jojiya take iya barin mutum kaɗan a gaba ta tura sauran baya kuma duk da haka ba a iya gudu a kanta. Tsaron nan na 2021 mutum biyar aka ɗauka daga cikinsa a zagayen farko na zaɓen NFL na 2022, uku 'yan layi ne, Travon Walker da Davis da Devonte Wyatt. T'Vondre Sweat na Tekzas da ya ci kyautar Outland ta gwarzon ɗan layi a 2023 fam 366 ya auna. Irin waɗannan mutanen su suke ba koci 'yancin zaɓar tsari, wanda bashi da su tsarin ne yake zaɓarsa. A wasan kuma kowa yana iya buga kowane tsari da kowane irin jiki kuma hukuncin da zai sha kaɗan ne.

Ta ɓangaren hari ma haka. A Nuwamban 2023 Mishigan ta je gidan Penn State, farkon wasa Chop Robinson da 'yan uwansa na gefe suna wuce takil ɗin Mishigan da gudu kamar ba kowa a wurin, sai Sherrone Moore da yake riƙon ƙwaryar kocin Mishigan ranar ya daina jifa kwata-kwata, ya ƙaro 'yan layi a fili, suka yi gudu sau 32 a jere har aka tashi 24 da 15. Wato maganin mai sauri shine ka daina bashi abin bi, ka tunkare shi kai tsaye ka sa shi ya yi kokawa da wanda ya fi shi nauyi. Wata biyu bayan nan suka yi wa jami'ar Washinton gudun yadi 303 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa aka tashi 34 da 13. Na gwada wannan salon a wasan, in shigo da ƙarin ɗan layi da tayit en biyu in yi ta dukan wuri ɗaya, yana aiki amma ba don dalilin da ya kamata ba, yana aiki ne in mai guduna yana da saurin da zai zagaya gefe. Gudun yadi huɗu, yadi biyar, yadi huɗu, wanda yake karya zuciyar abokin hamayya a hankali, shine mafi wahalar samu. Ko a tsayar da kai a layi ko ka ɓalle yadi 30, tsakiyar tayi ƙaranci.

Inda na yaba musu shine tsarin Wear and Tear, wanda yake lissafa dukan da kowane sashe na jikin ɗan wasa ya sha ya rage masa ƙarfi a hankali, har ya bi shi zuwa wasan mako mai zuwa a Dynasty, ɓangaren da kake zama koci kana tafiyar da makaranta kaka bayan kaka. Tunani ne mai kyau ƙwarai don a nan ne ainihin bambancin manya da ƙanana yake, babbar makaranta tana da 'yan layin tsaro takwas ko tara da take juyawa, ƙaramar tana da huɗu nagari sai addu'a. Shi yasa zaka ga wasa 14 da 10 a hutun rabin lokaci sannan a tashi 42 da 13. Matsalar ita ce tsarin ya fi jin dukan da aka yi wa mai ɗauke da ƙwallo, mai gudu da kwatabak su suke jigata, amma ɗan layin da ya kwashe kwata uku yana ɗaukar nauyin mutum biyu a ƙirjinsa baya lalacewa yadda ya kamata. In kana buga kwata mai minti biyar ma ba zaka ga komai ba, sai ka ƙara tsawon kwata sosai kafin gajiya ta fara magana, nan ne na fara ganin layin ƙaramar makaranta yana buɗewa a kwata na huɗu, kuma ranar da na ga haka naji daɗi fiye da duk wani dogon jifa da na taɓa yi a wasan.

Makarantun soja su ne gwaji mafi kyau, Army da Navy da Air Force. Saboda ƙa'idojin jiki na aikin soja da wahalar jawo manyan 'yan wasa, tun da can layinsu bai kai na sauran girma ba, shi yasa suka riƙe wasan zaɓi uku: a bar ɗan tsaro ɗaya ba a tare shi ba, kwatabak ya karance shi, in ya shigo ciki a fita waje, in ya tsaya waje a miƙa ta ciki, kaga an cire ƙato ɗaya daga lissafi ba tare da an taɓa shi ba. Da can suna haɗawa da sarar ƙafafu, ƙaramin mutum ya faɗa wa babba a gwiwa ya kayar da shi, sai dokar 2022 ta taƙaita tarewa ƙasa da ƙugu a wajen yankin takil, dole suka sake lale. Duk da haka Army ta 2024 da kwatabak Bryson Daily ta ci wasa tara a jere, layinta ya karɓi kyautar Joe Moore, ta ɗauki kofin rukuninta a kan Tulane 35 da 14. Amma da ta haɗu da Notre Dame a filin Yankee a Nuwamba 49 da 14 aka tashi, domin in kowane ɗan tsaro yana iya doke mai tare shi shi kaɗai toh karatun mutum ɗaya baya ceton ka. A cikin wasan littafin zaɓi ukun yana da daɗin bugawa matuƙa, lokacin sakin ƙwallo da karatun duk sun zauna, in ka iya shi zaka ji kamar kana saƙa, sai dai ya fi ƙarfin da ya kamata a kan manya. Kwamfuta tana yawan rikicewa wa zai ɗauki kwatabak wa zai ɗauki wanda ake wurga wa, kuma takil ɗin tsaro na manyan makarantu basa fasa tsakiyar layin Army yadda na Notre Dame suka yi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, bana cewa babba ya riƙa cin ƙarami kullum, da haka ne da babu mai kallon ƙwallon jami'a. Appalachian State ta ci Mishigan 34 da 32 a 2007, Northern Illinois ta ci Notre Dame 16 da 14 a gidan Notre Dame a Satumban 2024, Vanderbilt da Diego Pavia ta ci Alabama 40 da 35 wata ɗaya bayan nan ta hanyar riƙe ƙwallo sama da minti 40 don kada Alabama ta samu yawan dama. Iowa State ta Jon Heacock ta koma sefti uku a 2017 ta je har gidan Oklahoma a Norman ta ci ta 38 da 31, daga nan makarantu da yawa suka kwafi tsarin. Abinda nake so shine irin wannan nasarar ta zama sai ka yi mata aiki, sai ka gajarta wasan, ka ɓoye rauninka, ka yi caca da kutse a lokacin da ya dace, ba wai kawai ka samu kona mai lambar gudu 95 ka mayar da shi lainbaka ba. Kuma in ƙaramin ya haɗu da layin da ya fi ƙarfinsa a ga alama, kamar yadda Ashton Jeanty na Boise State da ya yi gudun yadi 2,601 a kakar 2024 ya tashi da yadi 104 a ɗauka 30 a gaban Penn State, ba don ya manta gudu ba, don kafin ya karɓi ƙwallo an riga an shigo masa gida.

Mishigan da Ohio State na Nuwamban 2024 ma darasi ne ta ɗaya gefen. Ohio State ta fi su komai a takarda, ita ce ma ta ɗauki kofin ƙasa bayan nan a kan Notre Dame 34 da 23, amma ranar ta nace sai ta yi gudu ta tsakiya inda Mason Graham da Kenneth Grant, takil ɗin tsaron Mishigan, suke zaune, aka tashi 13 da 10 Mishigan ta ci. Mutum biyu a tsakiyar layi suka canja wasan gaba ɗaya. A College Football 26 takil ɗin tsaro nagari yana da amfani, musamman in yana da baiwar kuɓucewa daga tarewa, amma ban taɓa jin tsoron tsakiyar layin wata makaranta har in canja shirina gaba ɗaya saboda ita ba. Ɗan gefe mai sauri kam ina jin tsoronsa, ina tura masa mutum biyu, ina karkatar da layi wajensa, kayan aikin duk suna nan kuma suna aiki. Na tsakiyan ne ba a bashi wannan kwarjinin ba.

A Dynasty abin yana shafar yadda kake neman 'yan wasa. Kana da awoyi ƙayyadaddu a kowane mako, kana binciken yaran sakandare, wani tauraro uku ne amma lu'ulu'u ne a ɓoye wani tauraro huɗu ne amma fanko, ga ƙofar canja makaranta da take kwashe maka mutane in basu samu abinda suke so ba. Yana da jan hankali sosai, zaka zauna kace minti goma sai kaga dare ya raba. Amma da yake na san gudu ne yake biya, sai in ga hankalina yana tafiya kan kona da masu cafka, 'yan layi kuma in cike da duk wanda ya samu, alhali a duniyar gaske ƙaton da yake da fam 310 kuma yana iya motsi shine abu mafi tsada da wahalar samu, shine dalilin da yasa makarantun kudu maso gabashin Amurka suka daɗe suna mamaye kofin. In ka bar kwamfuta ta buga wasannin da kanta kuma sakamakon yana bin jimillar lambar ƙungiya ne fiye da yadda tsari ya dace da tsari, ba zaka ga ƙungiya ta sha wahala don salon abokin hamayyarta ya zama mata ƙarfen ƙafa ba.

Ultimate Team ban daɗe a ciki ba, wurin sayen katuna ne da kuɗin gaske kuma can gudu ya fi ko'ina zama sarki. Road to Glory, inda kake zama ɗan wasa ɗaya, an dawo da wasannin sakandare a farkonsa, yana da daɗi, amma ba zaka iya zama ɗan layin hari ba.

Wanda yake da na 25 kuma jifa da gudun gefe ne abin sonsa zai iya haƙura bai yi asara mai yawa ba. Wanda tsaro yake burge shi ya sayi na 26, musayar kafa da canjin 'yan wasa nan take kaɗai sun isa dalili. In ka saya kuma kana son ka ji ɗanɗanon abinda nake magana a kai, ka ƙara tsawon kwata, ka shiga saitin wasa ka ɗaga ƙarfin tarewar gudu na kwamfuta da saurin gajiya, ka ɗauki makaranta daga ƙananan rukunai irin MAC ko Sun Belt, ka saka babbar makarantar SEC ko Big Ten a jadawalinka na farkon kaka, sannan ka hana kanka riƙe lainbaka, ka riƙe nos takil da hannunka tun daga farko har ƙarshe. A nan ne zaka ga gad yana janyewa daga wurinsa yana zagayowa ta bayan santa, ka ga mutum biyu suna nufo ka, ka fara gane dalilin da yasa koci yake sauko da sefti duk da ya san za a jefa ta bayansa.